Dalilin da Ya Sa Ban Rubuta Fanshona da Sunanki Ba

Al Wukair, Doha
Juma'a da rana

Zuwa ga 'yata Tabita,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, ina roƙonsa ya sa takardar nan ta same ki lafiya a duk inda kika buɗe ta, ko a cikin jirgi ne, ko bayan kin sauka Jos kin huta. Allah ya raba ki da sharrin hanya, ya sa ki gama gaishe-gaishen gida lafiya, ya kai ki Ingila lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a sabon wurin aikinki.

Yanzu muka dawo daga coci, tunda a ƙasar nan Juma'a muke yin sujada. Ke kin wuce Al Rayyan yin sallama da abokan aikinki na kantin magani, ƙanwarki Lami kuma tana falo tana jera hotuna a kan kafet. Shi ya sa na samu na zauna. Tun ranar Talata maganar nan take damuna. Kin shigo kicin kin tarar da takardun lauya a kan tebur, kin karanta, kin ga cewa in na mutu, fanshona da kuɗin sallamata ba hannunki za su shiga ba, asusun amana za su shiga, kamfani ya riƙe. Kika ce, "Mama, wato kin fi yarda da kamfani a kaina? Ni da nake yi wa Lami wanka tun ina firamare?" Na ce miki, "Ba haka ba ne," na juya na ci gaba da yankan alayyafo. Na san wannan ba amsa ba ce. Amsar tana da tsawo, akwai kuma abin kunyata a ciki, bakina ya kasa ɗauka. Ga ta a rubuce.

Zan fara da babanku. Kafin mu zo ƙasar nan ya yi shekaru yana gwajin jini a asibitin gwamnati a gida, ana cire masa fansho duk wata. A fom ɗinsa akwai layin da ake rubuta dangi mafi kusa, sunana ne a wurin. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Shi ne ma bai gamsu ba. Wata safiya muna shan shayi a tsohon ɗakinmu na unguwar Mansura, a nan Doha, ya ce, "Saraya, in mun je hutu ya kamata mu ga lauya, saboda yarinyar nan, Lami." Na ce, "Bulus, ka daina kira mana mutuwa da sassafe." Ya yi dariya ya bar zancen. Sau uku muna zuwa hutu bayan nan. Mun je biki, mun je jana'iza, mun zagaya dangi har ƙauye, ba mu taka ofishin lauya ba. Ni nas ce, kusan kullum ina ganin yadda mutum ke shigowa asibiti da ƙafarsa a fitar da shi a rufe, amma na ƙi yarda zai faru a ɗakina.

Kin tuna ranar da ya faɗi a wurin ajiye motoci. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da ya biyo baya, don na ɓoye miki, kina shirin jarrabawa. Bankin nan suna jin labarin rasuwar suka rufe asusunsa, sai abin da kotu ta ce. Na kai gawa gida, bayan an binne na je ofishin fansho da fom ɗin a jaka, ina ganin kwana biyu sun ishe ni. Wata yarinya da ba ta wuce sa'arki ta yanzu ba ta duba takardar ta ce, "Madam, wannan layin don mu san wanda za mu kira ne. Ba shi ke ba da gado ba. Ya bar wasiyya?" Na ce a'a. Ta ce, "To sai kin kawo takardar kotu ta izinin raba gado."

Hutun da asibiti ya ba ni mako uku ne. Su ne kafil ɗina, wato masu tsaya mini a ƙasar nan, takardar zamana da taku duk a kansu suke, ban isa in ƙara kwana ba. Kotu tana son mutum biyu, sai na sa hannu tare da yayan babanku, Baba Ishaya, na bar masa komai na dawo bakin aiki. An fi shekara biyu ana kai da kawowa. Da kuɗin suka fito, ya sauya rufin gidan gado na ƙauye, ya yi wa babban ɗansa aure da sauran. Na kira shi a waya. Ya ce, "Saraya, ku ai kuna ƙasar Larabawa, Allah ya rufa muku asiri. Gidan nan kuma na ubansu ne, in su Tabita sun zo a ciki za su kwana." Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Har yau bai ga laifinsa ba, ni kuma na daina jiran ya gani.

Don haka in kin je, ki gaishe shi da ladabi, ki ba shi turaren da na sa a ƙaramar jakarki. Babanki ne. Amma kowace takarda aka miƙo miki a gida, ko wa ya miƙo, kada ki sa hannu a ranar. Ki ce za ki karanta, ki tafi da ita. In kin fara aiki a Ingila kuma, za su ba ki fom na fansho tun farko. Kada ki cike shi a tsaye. Ki tambaye su ƙarara, in kin mutu wa za a ba, kuma wace takarda ce ke tabbatar da hakan. Za su iya yi miki kallon yarinya mai tunanin tsofaffi. Ki bar su su kalla. Duk ranar da kika yi aure ko kika haihu, ki koma ki sake duba sunan da ke wurin.

Bayan abin Baba Ishaya tsoro ya sa na yi wani kuskuren. Na ce tunda haka ne, komai nawa da sunan Lami zan rubuta, ita kaɗai, in ga wanda zai taɓa. Na zauna na rubuta wasiyya da hannuna, na sa wasu abokan aiki biyu suka yi shaida, na ajiye a akwati. Shekara huɗu ina jin na yi dabara. Abin da ya farkar da ni ƙarami ne. Muna cikin jirgin ƙasa na Metro ni da ita, wata mata ta yaba 'yan kunnenta na zinariya, waɗanda babanku ya saya mata. Kafin in juyo Lami ta cire su ta zuba wa matar a tafin hannu tana murmushi. Matar 'yar Ghana ce, da Hausa ta yi mini magana, ta ce, "Maman yarinya, riƙe kayanki. Ki riƙa lura, ba kowa zai mayar ba." Na karɓa na yi godiya, na zuba su a jakata. Lami ta kai shekara ashirin da shida, sai dai tun sanƙarau ɗin da ya kama ta tana shekara uku hankalinta bai wuce na yara ba. Ba ta iya sa hannu, sai dangwale. Duk wanda ya kama babban yatsanta ya kama duk abin da na tara. Rubuta sunanta da na yi, talla kawai na yi wa duk mai son ya zama mai kula da ita.

Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani ko a wajen zancen kuɗi: in kina son kāre wanda ba shi da ƙarfi, kada ki ɗora masa abin da mutane za su yi rububi a kai. Kada kuma ki yanke shawara mai nauyi kina cikin fushi da wani. Wasiyyar nan don Baba Ishaya na rubuta ta, ba don Lami ba.

To, za ki ce sai in ba ki, ke yayarta, ki riƙe mata. Na yi wannan tunanin, har na gaya wa lauya haka a zuwana na farko. Ga abin da ya hana ni, ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba, babanku kaɗai ya sani.

Kakanku Malam Dauda, mahaifina, ya yi aikin koyarwa har ya yi ritaya. Kuɗin sallamarsa sun makara, sai dab da rasuwarsa suka fito. Ya kira ni gefen gadonsa, ni ce babba, ya damƙa mini ya ce, "Wannan na karatun Yohanna ne. Ke na ba, don ke ba ki wasa." A shekarar Kawunku Yohanna ya samu gurbin karatun injiniya. A shekarar kuma wani ejan ya zo da maganar aikin nas a Doha, yana son kuɗinsa kafin ƙarshen wata. Lokacin farfaɗiyar da sanƙarau ya bar wa Lami ta yi tsanani, maganinta yana cinye albashina da na babanku. Na ce a raina aro ne, wata uku in mayar, kafin a rufe rajista. Ban tambayi Yohanna ba. Na san in na tambaya zai yiwu ya ce a'a, ni kuma ba na son jin a'a.

Biza ba ta fito ba sai bayan kusan shekara. Na riƙa ce masa banki ne suka riƙe kuɗin. Ya yi ta zuwa makarantar yana roƙo a ɗaga masa ƙafa har suka gaji suka ba wani gurbin. Da na zo nan kuma, ga haya, ga kuɗin kawo ku, kullum ina cewa wata mai zuwa. Lokacin da na mayar masa, har da ƙari, ya riga ya yi aure yana tuƙa tasi tsakanin Jos da Akwanga. Na je har gidansa na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Yaya, na sani tun tuni. Da kin tambaye ni, da na ba ki." Ya tashi ya ce wa matarsa ta kawo mini abinci.

Tabita, ni ba ɓarauniya ba ce a idona ranar da na taɓa kuɗin nan, kamar yadda Baba Ishaya ba ɓarawo ba ne a idonsa. Ina son ƙanena. Na fi kowa riƙon amana a gidanmu, shi ya sa aka ba ni. Abin da ya faru kawai shi ne kuɗin suna hannuna ni kaɗai, ga matsi, ba kuma wanda zan nemi izininsa. Ke kin fi ni kirki, na sani. Amma za ki je ƙasar da haya ke cin rabin albashi. Wata rana za ki yi miji, ban san ko wane ne ba. Wata rana ɗanki zai kwanta ciwo, ko a ce ga gida ana sayarwa da araha, sai an biya wani abu cikin mako. Ranar nan zuciyarki za ta ce miki aro ne, wata uku. Lami kuma ba za ta taɓa sanin an taɓa ba, balle ta yafe miki kamar yadda Yohanna ya yafe mini. Ke kaɗai za ki zauna da abin. Na san nauyinsa, shekara ashirin ina ɗauke da shi, ba zan bar miki shi gado ba.

In wani ya ba ki ajiya, ki nemi na biyun da zai sani. In kina son taɓawa, ki tambayi mai ita da bakinki, ki kuma shirya jin a'a.

Yanzu ga yadda tsarin yake, da kalmomina, don turancin lauya ya yi kauri. Na soke tsohuwar wasiyyar na yi sabuwa. A ciki na ce abin da ke asusun fanshona na gida, na shekarun da na yi a asibitin jiha, da kuɗin sallamar da asibitin nan zai biya ni, da abin da na tara, duk a zuba su a asusun amana. Wani kamfani mai rajista, wanda aikinsa ke nan, shi zai riƙe ya juya su. Ba nasa ba ne, ba zai iya kashe su yadda ya ga dama ba, sai abin da takarda ta ce. Duk wata zai fitar da na maganin Lami, na abincinta, da albashin matar da za ta riƙa kula da ita. In wani abu babba ya taso, kamar kwanciya asibiti, sai mutum biyu sun amince kafin a fitar. Ke ce ɗaya. Ɗayan Kawu Yohanna ne.

Na san za ki yi mamaki. Ni ma na yi kwanaki kafin in iya kiransa. Na ce, "Yohanna, ba ni da bakin roƙonka, amma in ba na nan, a gidanka nake son Lami ta zauna." Ya ce sai ya yi shawara da matarsa, Anti Rahila. Bayan kwana biyu ya kira ya ce, "Mun yarda, Yaya. Amma kada a sa kuɗin a hannuna. A rubuta komai, kuma Tabita ta riƙa gani." Ashe darasin da na koya, shi ma ya koya, ta ɗaya gefen.

Bayan ran Lami, abin da ya rage naki ne, ko na 'ya'yanki. Filin Bukuru kuma naki ne tun yanzu, takardunsa suna wurin lauyan, ba su shiga amanar ba. Ban manta da ke ba. Na san tun kina ƙarama komai na gidan nan Lami ake fara yi wa, ke ki samu saura, ba ki taɓa yin ƙorafi ba sai ranar Talata.

Kada ki ɗauka hankalina ya kwanta da wannan tsarin. Kamfanin yana cire ladansa duk shekara, ko an samu riba ko ba a samu ba. Mutane ne ke aiki a ciki, suna iya sakaci. Naira tana faɗuwa, ina lissafin shekarun da Lami za ta iya yi a duniya ina jin tsoro kada kuɗin su riga ta ƙarewa. Akwai kuma matsalar ƙasa biyu. Kuɗin sallamar a nan za a biya, dokar nan daban ce, shi ya sa na yi wata wasiyyar a nan na yi mata rajista, lauyoyin biyu suka duba don kada ɗaya ta ci karo da ɗaya. Duk da haka in na mutu ina bakin aiki, za a rufe asusuna kamar na babanku, sai an bi kotu. Kwafin komai yana cikin jan fayil a saman kabad ɗina, wani kwafin yana wurin Sista Naomi ta sashenmu. Aikinki shi ne ki riƙa karanta rahoton da kamfanin zai aiko, layi-layi, ko kin gaji. Abin da ba ki gane ba ki tambaya. In suka riƙa yi miki yawo da hankali, takarda ta ba ku iko ke da Kawu ku sauya kamfani.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na yi gaggawar duk wannan. Wata huɗu da suka wuce likita ya ce ciwon sugan nan ya fara taɓa mini ƙoda. Ba a kai ga wankin ƙoda ba, ina shan magani, ina zuwa aiki. Amma kwantiragina duk shekara ake sabuntawa, shekaruna kuma sun kusa inda ba a cika sabuntawa ba. Ranar da suka ce khalas, wato an gama, takardar zamana ta ƙare, ta Lami ma ta ƙare, sai gida. Na ɓoye miki don na san halinki, da kin ji za ki ajiye aikin Ingila ki zauna. Na jira har aka sayi tikiti. Wannan ma kuskure ne, na sani, irin wanda na saba: in yanke wa mutum hukunci ba tare da na tambaye shi ba. Ki yafe mini. Kada ki juyo saboda wannan. Ki kira likitan da kanki, na ba shi izini ya gaya miki komai, kin fi ni sanin magungunan ma. Ke kuma in wani abu ya same ki a can, ciwo ko rashin aiki ko wani namiji da ya ɓata miki rai, kada ki yi irin nawa. Ki faɗa da wuri, tun ana iya yin wani abu.

Lauyan yana jiranki a Jos cikin mako biyun da za ki yi, Kawu zai kai ki. Ki karanta kafin ki sa hannu, har wannan ɗin ma, ko da yake daga wurina ya fito. Ki lura da shafi na bakwai. Akwai layin da na sa aka ƙara, lauyan ya ce ba a saba rubuta shi haka ba, na ce ya rubuta. Layin ya ce duk ranar da kika ga ba za ki iya ci gaba ba, kina da iko ki sauka, ki zaɓi wanda zai maye gurbinki, kuma ba wanda zai tambaye ki dalili, rabonki ma ba zai ragu ba. Ban haife ki don ki zama mai gadin 'yar'uwarki har tsufanki ba. Ina so in kin zo ganin Lami ki zo don kin yi kewarta. In kin karanta duka kika ga ba ki so tun yanzu, ki gaya mini a waya, zan nemi wani, kuma ba abin da zai ragu tsakanina da ke.

Ubangiji ya tsare ki a sama da ƙasa. Ya ba ki lafiya a ƙasar sanyi, ya ba ki shugabanni masu adalci da maƙwabta masu tausayi. Ya kiyaye ki daga ranar matsin da ke sa mutumin kirki ya yi abin da zai daɗe yana nadama. Ya ba ni kwanakin da zan ga kin zauna da ƙafafunki. Ki gaishe da Kawu Yohanna da Anti Rahila da yara. Kina sauka ki kira, ko ƙarfe nawa ne.

Ni ce mahaifiyarki,
Saraya Bulus